Hannun Baba Ishmael da Tankin Fitila

Akwai wani dattijo a unguwar Dubeli da ke Jimeta, sunansa Baba Ishmael. Tun kafin a sami 'yancin kai shi ne mai kunna fitilun kan titi, irin masu gilashi huɗu da tankin kananzir a ƙasa. Da lantarki ya shigo aka fara tumɓuke su, sai ya riƙa bin bola yana tsintowa. Ya kankare tsatsa, ya sa sabon lagwani, ya jera su a zaurensa.

Hannunsa na hagu yatsu uku ne kawai. Ba ya son a tambaye shi dalili.

A shekarar 1973, lokacin ana Jihar Arewa maso Gabas, aka ce manyan baƙi za su zo daga Maiduguri. Aka umarci wani ma'aikaci mai suna Jibrilla ya gyara tsohuwar fitila ɗaya don a nuna musu. Jibrilla kuwa irin mutanen nan ne da in sun yi kwas na wata shida a Kaduna, sai su dawo suna ganin kowa jahili.

Ya faka babur a ƙofar zauren da azahar, ko sallama bai yi ba.

"Tsoho, tankin fitilar nan yana yoyo. Ka liƙe min da dalma yanzu."

Baba Ishmael ya juya tankin a hannu. "Oga, ni ba na kai wuta kusa da tanki sai na cika shi da ruwa ya kwana uku. Haka nake aiki."

"Kwana uku? Gobe ne baƙi!" Jibrilla ya yi tsaki. "Da ka iya aiki ai da yatsunka sun cika. Kawo, ni zan yi da kaina."

Ya fizge ya tafi. Maganar ta yi wa dattijon ciwo ƙwarai.

Sai da ya ɗaga hannu zai share gumi ya ji warin da ya rage a yatsunsa. Ba kananzir ba ne, fetur ne. Jibrilla ya wanke tsatsar cikin tankin da fetur ya zubar, yana ganin ai babu komai a ciki. Alhali tururin da ya maƙale shi ne mugun abin.

Gidan Jibrilla a Yola yake. Shi yana kan babur, Baba Ishmael kuwa sai tsohon keke, ga ranar Jimeta da ba ta raga wa kowa. Ya hau. Sau biyu sarƙa tana zamewa, sau biyu yana sauka ya mayar. Numfashinsa har yana sarƙewa, amma bai tsaya shan ruwa ba.

Da ya isa, ya shiga gidan babu neman izini. Ga Jibrilla tsugune a tsakar gida, kaskon garwashi a gabansa, ƙarfen dalma ya yi ja. Tankin yana tsakanin gwiwoyinsa. Matarsa Asta, da tsohon ciki, ita ce take fifita masa wutar.

"Kada ka taɓa!"

Baba Ishmael ya daka tsalle ya wafce tankin ya yi waje da shi. Jibrilla ya bi shi ya shaƙe masa wuyan riga.

"Kai mahaukaci ne? Ka shigo min gida gaban iyalina?"

Maƙwabta suka fito. Dattijon yana haki ya ce, "Ka sake ni minti ɗaya. In ƙarya na yi, ka kira 'yan doka."

Ya kai tankin can fili, ya ajiye shi da baki a buɗe. Ya sa kowa ya ja baya, ya ɗauko itace mai wuta ya jefa daga nesa.

Ƙarar da ta tashi har awaki suka tsinke igiya. Tankin ya tsage biyu, wani ɓangaren ya nutse a jikin katangar ƙasa.

Jibrilla ya kalli katangar, ya juya ya kalli Asta da ke ƙofar gida dafe da cikinta tana salati. Sai ya zauna a ƙasa.

Baba Ishmael ya ɗaga masa hannun hagu. "Ni ma lokacin ina sauri ne. Ni ma babu wanda ya isa ya gaya min."

Jibrilla ya kama hannun nan da ya zaga ɗazu, da hannayensa biyu, yana hawaye. "Bappa, ka yafe min."

Washegari fitilar da baƙi suka gani daga zauren Dubeli ta fito, Baba Ishmael ne ya ba da aronta.

Darasi: In mai sana'a ya ce ka jira, kada ka raina shi, wataƙila da jikinsa ya biya kuɗin wannan ilimin. Kuma kada zagi ya hana ka ceton wanda ya zage ka. Ku tura wa duk mai gaggawar da kuka sani, ko Allah zai sa ya tsaya ya saurara.