Kacalar Baba Arzika

Akwai wani dattijo a Tambuwal mai suna Arzika. A shekarun da arzikin man fetur ya shigo, famfuna suka yawaita a gari, ruwan wanki da na makewayi ya ƙaru. Kwatar unguwarsu kuwa tana gangarawa cikin tafkin da shanun gari da na makiyayan Kebbe ke sha.

Arzika ya haƙa fili mai faɗi marar zurfi a bakin kwatar, ya shimfiɗa tsakuwa da yashi, ya dasa kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama. Ruwa yakan shiga baƙi da wari, ya ratsa saiwoyin a hankali, ya fita garau.

Wani manomin albasa mai suna Ɗangiwa yana da lambu a gefen tafkin. Da ya ga yadda kacalar ke ƙiba da ruwan kwatar, sai ransa ya ɓaci.

"Baba, ciyawar nan taka taki taka ci," in ji shi. "Abin da ya kamaci albasata shi kake ba haki."

"Aikinta ke nan, ɗana. In ba ta ci ba, tafki za ya ci, shi kuwa ba ya da cikin ɗauka."

"Tafki har da ciki? Tsufa dai, Baba."

Da Arzika ya kwanta ciwo, Ɗangiwa ya tumɓuke kacalar, ya yanka wa kwatar hanya ta cikin lambunsa. Abin da albasa ta rage ya gangara cikin tafki.

Albasa ta yi kyau ƙwarai. Amma da zafin bazara ya tsananta, gansakuka ta rufe tafkin, kifaye suka taso matattu. Shanun da suka sha suka kama rawar jiki. Cikin mako guda aka binne goma sha ɗaya, makiyaya suka kaɗa ragowar suka bar garin.

Ɗangiwa ya je ya durƙusa gaban shimfiɗar Arzika.

"Baba, ka gafarce ni. Ka nuna mini, in maida kacalar."

Arzika ya ɗago kai ya ce:

"Shekara fuɗu ta yi kafin ta kama. Ka kira malami ya rubuta abin da zan faɗi. Ban jin zan ga ƙarshenta."

Darasi: Kada mu rushe abin da muka tarar yana aiki don ba mu fahimci aikinsa ba, domin gyara ba ya saurin ɓarna. Ina roƙonku ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu lambu a bakin ruwa.