Harsashin da Ya Tsaya a Ƙofa

Akwai wani tsohon ɗan sanda da ake kira Saje Cyprian, shi ne mai riƙe da makullin ɗakin makamai a wani ofishi da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari. A shekarun nan ne da arzikin man fetur ya shigo ƙasa, komai sabo: motoci sababbi, rediyo a kowane shago, har iskar garin kamar an canja ta.

Shi dai Saje bai damu da sabon abu ba. Idan rana ta karkata, haske ya shigo ta 'yar tagarsa, sai ya zauna yana goge bindigogi, ƙamshin mai ya cika ɗakin, zuciyarsa tana can garinsu cikin inuwar kwakwa. Wata huɗu ya rage ya ajiye aiki. Burinsa guda ne a duniya, ya tafi ba tare da harsashin da ya fita daga hannunsa ya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba.

Shi ya sa yake da wata ɗabi'a. Kafin ya miƙa wa kowa bindiga sai ya tambaya, "Ina za ka yi aiki yau?"

Mai zuwa sintiri kan babbar hanya, ya ba shi sabuwar bindiga da harsashinta mai rigar tagulla, wanda ke huda ƙarfen mota. Mai shiga kasuwa kuwa, tsohuwar ƙaramar bindiga, wato libarba, ce rabonsa, da harsashin dalma mai laushi.

Ana nan sai aka kawo sabon sufeto, Abdulmuminu, ɗan gidan malamai, kyakkyawa, kaki ya sha guga. Yaron kirki ne fa, sai dai silima ta cika masa kai. Ko tafiya yake, kamar akwai kiɗa a bayansa.

"Saje, sabuwar nake so."

"Ina za ka yi aiki, yallaɓai?"

"Ina ruwanka? Sabon Gari."

"To ga libarba. Gidajen can katako ne da kwano ya raba ɗaki da ɗaki. Wancan harsashin ba ya tsayawa inda ka aike shi."

Ran sufeto ya ɓaci. A gaban ƙananan 'yan sanda ya ce masa tsoho mai tsoron zamani, ya ce zai rubuta takarda a kore shi kafin lokacinsa. Kuma ya rubuta ɗin. Wallahi abin ya yi wa Saje ciwo, don shekara talatin a bakin aiki ba wasa ba ce. Amma bai canja magana ba, ya sake tura masa libarba a kan tebur. Dole sufeto ya ɗauke ta.

Kwana tara bayan haka, da la'asar, an ɗan yi yayyafi, ƙasa tana ƙamshi. Wani ɓarawo ya fizgi bandir ɗin atamfa a Fagge, ya zare wuƙa, ya tsallaka Sabon Gari. Abdulmuminu ya bi shi har cikin wani lungu. Ya ɗaga libarbar kamar yadda ya sha gani a majigi, ya harba. Ya kuskure. Ɓarawo ya yar da kayan ya ɓace, tattabaru suka tashi sama suna kewaya.

Da labari ya kai wa Saje, bai tambayi labarin ɓarawo ba. Cewa ya yi, "Yallaɓai, mu je ka nuna mini inda ya sauka."

Suka samu ramin a jikin wata ƙofar katako mai shuɗin fenti. Saje ya sa bakin wuƙa ya tono dalmar, ta baje kamar an taka ta. Ya auna sauran katakon da yatsa. Bai kai kaurin farce biyu ba.

Sannan ya ƙwanƙwasa.

"Ku dakata in tashi," wata murya ta amsa daga ciki.

Mai ɗakin, Madam Philomena, tela ce. Ta buɗe da jaririya a kafaɗa. A bayan ƙofar akwai 'yar kujera, ta ce nan take zama ta jingina da ƙofar kullum da la'asar tana ba 'yar nono, don nan ne iska ke shigowa. Ɗazu ta ji wani abu ya bugi bayanta, ta ɗauka yara ne suka yi jifa.

Saje ya sa dalmar a tafin hannun sufeto, ya ce a hankali, "Harsashin sabuwar bindigar da ka nema, ƙofa uku irin wannan yake wucewa."

Abdulmuminu ya kalli kujerar, ya kalli kan jaririyar mai laushi tana barci. Ya zauna a bakin kwata da kakinsa mai guga, yana kuka ba sauti.

"Baba," ya ce, "da ka ba ni fa?"

"Ai ban ba ka ba. Tashi, mutane suna kallo."

Darasi: Idan wanda ya daɗe a kan aiki ya hana ka wani abu, tsaya ka tambayi dalili kafin ka raina shi, don ƙarfin da ya wuce buƙata a kan marar laifi yake sauka. Ku tura wannan ga duk wanda aka damƙa wa iko a hannu, ko da ɗan kaɗan ne.