Wa Ke Nome Kogi?

A zamanin da, a wata ƙasa ta bakin kogi, an yi wani sarki ana ce masa Dambo. Adali ne, ba laifi, amma in ciwon gwiwarsa ya motsa, to kowa ya yi ta kansa. Maganin da ya saba da shi man ayu ne, wato kitsen dabbar nan ta ruwa mai girman saniya, wadda ba ta cin komai sai ciyawa. Shekara da shekaru masunta suna soke ayu suna kai wa fada, har aka daina ganinsu.

Ran nan ciwo ya tashi, aka duba tulu babu mai. Sarki ya sa aka kira Barmo, Sarkin Ruwa, wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa a kwalekwale. Ya ce, "Barmo, ina son man ayu kafin Juma'a."

Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, guda ɗaya ta rage a kogin nan kaf. Tana Gurbin Marke, kuma goyo gare ta. Hannuna ba zai iya ba."

Sarki ya ce, "To, ko kanta ko naka. Ka zaɓa."

Sai Waziri Gwadabe ya gyara zama. Shi kuwa wazirin nan, in ka ga ya sunkuyar da kai yana murza gemu, akwai abin da ya ƙulla. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dabbar da ita ce ta ƙarshe ai ta fi ƙarfin mashin talaka. Hannun sarki ya dace da ita. Sai dai ina da tambaya guda, a amsa mini a hanya. Wa ke nome kogi?"

Sarki ya yi dariya duk da ciwo, ya ce, "Waziri, tsufa ya fara taɓa ka. Kogi gona ne?"

Da hantsi suka shiga kwalekwale su uku, Barmo na tuƙi. Ba su yi nisa ba ciyawa da kainuwa suka rufe hanya ruf. Ruwa ya yi baƙi, ga wari, ga sauro, ko kifi ɗaya bai yi tsalle ba. Tsoho ya yi ta sara da lauje, yana turawa da gora.

Sarki ya ce, "Ikon Allah! Ina yaro, jiragen fatake uku ke jerawa a nan. Ba bara na aiko mutum ɗari suka share wurin nan ba?"

Waziri ya ce, "Sun share, ranka ya daɗe. Wata biyu ta dawo."

Sai wajen la'asar suka kutsa Gurbin Marke. Kai, jama'a! Ruwa ne garau, a shimfiɗe, har kana hangen yashi a ƙasa. Kifaye na gilmawa, tsuntsaye sun cika gaɓa. Barmo ya ɗaga hannu a yi shiru, ya miƙa wa sarki mashi, hawaye na zuba a gemunsa.

Can sai ruwa ya motsa. Wani hanci ya ɓullo, ya ja numfashi mai tsawo irin na mutumin da ya sauke kaya. Sannan ta taso gaba ɗayanta, sannu a hankali, babu gaggawa babu tsoro. Ta sa hannuwanta biyu ta janyo ciyawa zuwa baki, tana ci tana gaba, bayanta kuwa hanya na buɗewa fes. Ɗanta na maƙale a hammatarta yana shan nono. Wallahi ni da nake ba ku labarin nan, tsigar jikina tashi take yi.

Ta matso har gindin kwalekwale, ta dubi sarki da 'yan ƙananan idanunta. A gadon bayanta akwai wani dogon tabo.

Sarki ya yi raɗa, "Wannan fa?"

Barmo ya ce, "Mashina ne, ranka ya daɗe. Ran da na kashe uwarta saboda gwiwarka."

Sarki ya sake duban tabon. Sannan ya kwantar da mashin, ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Wanda ya yi ta. Waziri, na ga mai noman. Ashe manoman kogina nake ta shafawa a gwiwa."

Kashegari aka yi shela cewa ayu ta shiga amanar sarki, kuma daga Gurbin Marke zuwa mashigar gari ba mashi, ba tarko. Aka naɗa wa Barmo sabon rawani, aka ba shi tsaron wurin. Da shekaru suka tura, wasu ayu suka gangaro daga can saman kogi, hanya ta buɗe, jiragen fatake suka dawo.

Gwiwar sarki kuwa ba ta warke ba. Da sanda ya ƙarasa mulkinsa. Wata rana wani bafade ya tausaya masa, ya ce ko a nemo ɗan man a ɓoye. Sarki ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Bar ta ta yi ciwo. Ran da kuka ga na daina ɗingishi, ku kama ni, na ci amana."

Haka na ji shi a bakin masunta, haka na ba ku.