Shaddar Alhaji Barau

Wai an yi wani tela, Ɗan'asabe, da ya sayi manhajar adana awon masu kawo ɗinki a wurin Alhaji Barau mai kamfani. Manhaja ta dinga cakuɗa awo, har wani ango ya karɓi rigar da ko yaron goye sai ya yi nishi kafin ya shiga.

Ɗan'asabe ya kai ƙara gaban Sarkin Kasuwa.

Alhaji ya karkaɗa takardar yarjejeniya. "Ga shi a rubuce: babu gyara sai manhajar da kanta ta amsa laifinta."

Sarki ya ce, "To tela, sa ta ta amsa."

Ɗan'asabe ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe ni ne mai laifi. Bari in wanke kaina da ɗinki kyauta."

Ya zaro shaddar Alhaji, wadda dama take hannunsa don ɗinkin Sallah, ya buɗe manhaja.

"Kafaɗar Alhaji inci tara. Allah sarki, Alhaji ya rame!" Ya ɗaga almakashi.

Alhaji ya zabura. "Kai, tsaya! Ƙarya take yi!"

Ɗan'asabe ya ajiye almakashi. "Ranka ya daɗe, ita bebiya ce, amma ga ubanta ya amsa mata."