Wasiyyar Barau Marini

Ku gyara zama, yau akwai shari'ar da za ku yanke.

A wani ƙauye na bakin gulbi an yi wani marini mai suna Barau, da matarsa Yalwa. Har suka yi furfura ana kwatance da zamansu. Amma Yalwa ba ta taɓa mantawa ba, tun auren yana ɗanye ya kusa mutuwa. Ba duka, ba zagi, shiru ne kawai ya shiga tsakaninsu. Ya dawo daga wurin rini ya ci tuwo ya miƙe, ita kuma ta juya masa baya. Wata rana ta ƙulle kayanta a zane za ta tafi gidansu.

Maƙwabciyarta Inna Dudu ce ta tare ta a zaure. Ta ce, "'Yar nan, mayar da kayan. In ya dawo, ki tarye shi da ruwan randa mai sanyi, ko kina fushi." Yalwa ta yi hakan tana ɗaure fuska. To, mai karɓar ruwa dole ya tsaya, dole ya dubi mai miƙo masa.

Shi kuwa Barau, abokinsa Mati wanzami ne ya kama shi, aska na kansa ba halin gudu. Ya ce, "Kada ka ƙara shiga gida hannu rabbana, ko goruba ce ka riƙo." Ranar da Yalwa ta ga goruba a shuɗin tafin hannunsa, dariya ta ƙwace mata, ta ce, "An gode."

Sai Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifin Barau da ke zaune tare da su. Ita cewa ta yi ba za ta ƙara cin tuwo ba sai su biyun sun zauna a tabarmarta. Ta jawo hirar kasuwa, ta jawo ta gona, sannan ta hau gyangyaɗi ta bar su suna magana.

Dukkan ukun sun riga mu gidan gaskiya, amma ruwan da tsarabar da hirar tabarma ba su yanke ba har jikoki suka cika gidan.

Da ciwon ajali ya kama Barau, ya ce, "Yalwa, lambun mangwaron nan ki ba zuriyar wanda ya riƙe mana aurenmu."

Ta ce, "Wa ke nan, Malam?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ai kin sani." Daga nan rai ya yi halinsa.

Yalwa ta gama takaba tana juya zancen. Ba don Dudu ba da ta tafi. Ba don Mati ba da ta zauna da ƙunci. Ba don Gwaggo ba da bakinsu bai buɗe ba. Lambu kuwa ɗaya ne, kuma mamaci bai ce a raba ba.

To jama'a, gidan wa Yalwa za ta kai wannan lambu?