Buhunan Audugar Ishatu da Rabin Waƙar Malam Jumare

Akwai wani akawu a Tudun Wadar Zariya mai suna Isiyaku. A ƙarshen shekarar 1957, yana cikin 'yan tsirarun da ke da falo mai daɓen siminti da rufin kwano a unguwar, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka.

Yayan mahaifinsa, Malam Jumare, tsoho ne mai wata doguwar waƙar wa'azi, baiti ɗari uku. Daga bakin mahaifinsa ya karɓe ta. Takardun da aka rubuta ta a kai gara ta daɗe da cinye su, don haka waƙar ba ta da wani mazauni sai kansa.

A wannan shekara Malam ya ɗaura niyyar tafiya Makka ta ƙasa, kuma ya faɗa wa iyalinsa cewa ba ya sa ran dawowa. Sai Isiyaku ya ce shi zai ceci waƙar. Ya je Sabon Gari wurin wani mai gyaran rediyo, Hilary Onuora, ya aro na'urar ɗaukar magana mai batir, da faifai biyu.

Wannan niyya ce mai kyau, ba zan tauye masa ita ba.

Ya shimfiɗa darduma a falonsa, ya zaunar da Malam, ya kafa makirufo. Malam ya rera baiti ashirin, aka mayar da faifai baya aka kunna.

Abin da ya fito kamar mutum uku ne ke rige-rigen magana a cikin rijiya. Kowace kalma sai ta bugi bango ta dawo ta hau kan wadda ke bin ta.

Malam ya karkata kunne ya ce, "Isiyaku, wane ne wannan mara kunya da ke cin gyarana?"

Isiyaku ya ce, "Kai ne, Baba. Na'urar ce ba ta yi zafi ba."

Sau huɗu ana gogewa ana sakewa. Na'ura ta yi zafi, batir ya fara sanyi, amsa-kuwwa na nan daram.

Ishatu, babbar 'yar Malam, tana bakin ƙofa da kwanon furar da ta kawo wa mahaifinta. Mijinta ya rasu, ta dawo gida, sana'arta kaɗi da sarin auduga. Ta girmi Isiyaku da shekara goma sha biyu.

Ta ce, "Akawu, ɗakin nan naka yana mayar da magana. Ku zo ɗakin da nake tara auduga. Can ko kiran yara na yi, muryata ba ta dawo mini."

Isiyaku ya yi dariya. "Haba, Yaya Ishatu! Malami guda a cusa shi cikin buhuna kamar kayan awo? Wannan na'ura daga Ingila ta zo, ba mazari ba ce."

Ta ce, "To, ka tambaye ta da Turanci me ke damunta."

Malam ya miƙa hannu a ba shi sandarsa. "Ni dai an haife ni a kan tabarma. Mu je wurin buhunan."

Ɗakin ƙarami ne, an shafe shi da siminti sama da ƙasa saboda gara. Buhunan auduga sun rufe bango huɗu har kusa da rufi. Ishatu ta gyara wa mahaifinta wuri a tsakiya, ta rataya gwado a bayan ƙofa, ta kora kaji bayan gida, ta hana 'yan daka taɓa turmi. Ta ce a dakata jirgin ƙasa na hantsi ya wuce tukuna. Sannan ta ja makirufon ta ajiye shi kamar taƙi ɗaya daga bakin Malam, ta ɗan kauce da shi gefe don kada numfashi ya buge shi.

Baiti ɗari da hamsin suka shiga faifan farko. Da aka kunna, sai ka ce Malam ne zaune kusa da kafaɗarka. Har 'yar rawar da muryarsa ke yi idan ya ambaci kabari ana ji.

Malam ya share ido ya ce, "Yau na ji muryar babana."

Washegari Isiyaku ya kai wa Hilary faifan. Hilary ya saurara, ya cire tabarau ya ce, "Malam Isiyaku, wannan ko a gidan rediyo sai haka. Wa ya nuna maka wurin da za ka ɗauka?"

Isiyaku ya ce, "Wa kuwa? Lissafi ne. Na auna ɗakunan gidan, na zaɓi wanda ya dace."

Ya ɗauki alƙalami ya rubuta a bayan kwalin faifan: "Ɗauka da tsarawa, Isiyaku Akawu."

A nan ne raina yake ɓaci. Bai auna komai ba. Bai ma tambayi dalilin da ya sa ɗakin ya yi ba, domin tambaya za ta nuna cewa wani ne ya sani.

Saura rabin waƙa. Maimakon ya ƙarasa, sai ya shiga yawo da na'ura gidajen manya, daga Tudun Jukun har Kwangila, yana kunna musu ana sa masa albarka. Kwana tara yana wannan.

Ishatu ta tare shi a zaure ta ce, "Akawu, ku ƙarasa kafin Alhamis. Ranar zan kai audugata fuloti, wurin masu sayen auduga, a auna."

Ya ce, "Ki kai mana, Yaya. Ai gara ma, ɗakin zai fi fili. Sirrin na riga na gane shi."

Ta ce, "Tsaya ka ji, audugar ce..."

Ya riga ya hau kekensa.

Ba ta iya jinkirtawa ba, domin masu awo ba sa jiran kowa. Ranar Alhamis jakuna suka kwashe buhuna, ita ma ta bi su. Layi ya yi tsawo, awo bai zo kanta ba sai Asabar, don haka ta sauka gidan ƙanwarta kusa da fulotin.

Ranar Juma'a da safe Isiyaku ya zo. Ya tarar da ɗaki fayau, ya ji daɗi, har ya sa aka share aka kawo wa Malam kujera. Malam ya yi gyaran murya, ya ɗan tsaya.

Ya ce, "Isiyaku, kamar mara kunyar nan ya biyo mu."

"A'a, Baba, ɗakin ne dai na rannan. Bismilla."

Malam ya rera sauran baiti ɗari da hamsin. Isiyaku bai mayar da faifai ya saurara ba. Ya ce batir ya yi ƙasa, kuma shi ya san aikinsa.

Ishatu ta dawo ranar Asabar, da ƙyar ta sami yin sallama da mahaifinta. A ranar motar maniyyata ta ɗaga da Malam ta nufi gabas.

Ranar Litinin aka kunna faifai na biyu a shagon Hilary, gaban mutanen da Isiyaku ya gayyato da kansa. Ƙaramin ɗakin siminti da babu komai a ciki ya fi falo mayar da magana. Muryar Malam ce, amma ba a iya raba kalma da kalma.

Hilary ya ce, "Me ka fitar daga ɗakin?"

 Sai a lokacin Isiyaku ya gane ƙarshen maganar Ishatu da ya hau keke ya bari: audugar ce ke shanye amsa-kuwwar.

Bayan wata biyar saƙo ya zo cewa Malam Jumare ya rasu a hanya, an binne shi a ƙasar Sudan.

Da aka share makoki, Isiyaku ya shiga cikin gida ya durƙusa gaban Ishatu tana kaɗi. Ya ce, "Yaya, na kashe rabin waƙar Baba."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Muryarsa ka kashe. Waƙar tana nan. Shekara arba'in ina kaɗi yana rerawa a bayan zana, kana tsammanin kunnena auduga na toshe shi da ita? Je ka aro abin naka."

Ba lokacin auduga ba ne, don haka ta bi maƙwabta ta tattaro katifun rimi da gwaduna da tabarmi, ta lulluɓe bangon ɗakin. Ta zauna inda mahaifinta ya zauna, ta rera baiti ɗari da hamsin ba tuntuɓe. Faifan da ya lalace ta hana a goge shi. Ta ce ko ba a gane kalmomin ba, numfashin babanta ne a ciki. Sabo aka nemo mata.

Ga inda nake neman gyara. Faifan nan uku suna hannun jikoki har yau, kuma na ga kwalayen da idona. Na farko yana ɗauke da sunan Isiyaku. A kan na uku, wanda Ishatu ta rera, an rubuta "Muryar wata mata." Wata mata! Isiyaku ya durƙusa mata a tsakar gida inda ba mai gani, amma da ya riƙe alƙalami sai hannunsa ya ƙi.

Kuskuren rubutu ne, kuma kuskuren rubutu gyara shi ake yi. Jikokin Isiyaku, ku ɗauko kwalin nan ku ja layi a kan "wata mata", ku rubuta: Ishatu 'yar Malam Jumare. A kan na farko ma ku ƙara sunanta, a sama da nasa.

Darasi: Idan wani ya nuna maka hanya, ka tsaya ka ji maganarsa har ƙarshe, ka tambaye shi dalili, sannan ka faɗi sunansa a inda ake yabonka. Wanda ya karɓi yabo a kan abin da bai fahimta ba, ranar da aka ce ya sake, abin da ba ya dawowa zai lalata. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila ya isa gidan da kwalin yake.