Mai Kankana da Ƙudan da Ba Ya Yin Zuma

An yi wani manomi mai lambun kankana a bakin fadama. Da kankanar nan yake riƙe gidansa daga ƙarshen rani har sabon gero ya fito, gama rumbunsa ƙarami ne, masu ci kuwa da yawa. Ban da noma, yakan ɗora amya a itatuwa can cikin daji ya ɗebi zuma, saboda haka a ganinsa ba ƙudan da Allah ya halitta wanda bai sani ba. Ga shi da saurin fushi, abu kaɗan sai tsaki.

Wata rana yana hutawa a tsohuwar rumfar gora da ke tsakiyar lambun, sai ya ga wani ƙwaro ya zo da laka a baki, ya shige ramin gora, ya fito, ya sake komawa.

Ya ce, “Zanzaro! Har nan ma?”

Matarsa tana ban ruwa kusa, ta ce, “Maigida, dubi da kyau. Zanzaro ai ƙugunsa siriri ne kamar zare. Wannan kakkaura ne, ga gashi a jikinsa, ga ƙurar fure rawaya a ƙarƙashin cikinsa.”

Ya duba, ya ga haka ne. Nan take ransa ya yi fari, ya ce ashe dangin ƙudan zuma ne, zuma ta biyo shi har lambu. Ya saƙa sabuwar amya, ya shafe ta, ya turara ta da ƙamshi, ya rataye kusa da rumfar. Ya jira, ya jira. Ko ɗaya bai leƙa ba. Ba su taruwa, ba su da sarki, kowane da raminsa, kowane da ɗaukar lakarsa.

Da haƙurinsa ya ƙare ya zaro gora ɗaya ya tsaga. Me zai gani? ’Yan ɗakuna a jere, kowane an toshe shi da laka, a ciki ɗan curin ƙurar fure da ’yar tsutsa tana kwance a kai. Ya lakata ya ɗanɗana, ya tofar.

Ya ce, “Kai! Wannan wane irin banzan ƙuda ne? Sai kai da kawowa tun safe, ko ɗigon zuma babu! Na ɓata amyata, na ɓata turarena.”

Matar ta ce, “Ni dai kullum ina ganinsu cikin furen kankana, daga wannan zuwa wancan. Ka ƙyale su mana, ba su taɓa harbin kowa ba.”

Ina! Bai ji ba. Da aka gama cire kankanar shekarar, wadda ta yi albarka ƙwarai, ya rushe rumfar, ya tara gorar ya cinna mata wuta, da ’ya’yan ƙudan duka a ciki suna jiran lokacin fitowarsu. Ya kafa sabuwa da itacen da ba rami, yana murna wai ya yi tsabta.

Rani ya zagayo, ya shuka. Kankana ta yi yaɗo, ta rufe ƙasa, ta yi fure gwanin kyau. Amma ’yan ’ya’yan da suka ɗaura sai su yi rawaya su zube. Ya ƙara taki, suka zube. Ya ƙara ruwa, suka zube. Ya zargi iri, ya zargi ƙasa, har maƙwabcinsa bai tsira ba. Ya sauko da amya ɗaya daga daji, da ƙyar, da harbi a fuska. Ƙudan zumansa suka tashi, suka wuce ta kan lambun, suka nufi furen ɗorawa abinsu. Takaici ya ishe shi, ya zauna a ƙasa ya yi tagumi.

Matarsa ta shiga cikin yaɗon. Ta tsinki fure ɗaya mai ƙura, ta goga a kan wanda yake da ɗan ƙulli a gindi, ta yi haka ga ’yan kaɗan. Waɗannan ne kaɗai suka kama. A nan mutumin ya gane abin da ya ƙone da hannunsa: ashe ƙudan nan ne ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan har kankana ta kama. Suka shiga bin fure ɗaya ɗaya a sunkuye, har baya ya ƙage, amma lokaci ya riga ya wuce. Abin da suka samu bai kai su ko farkon damina ba, yaransa suka sha yunwa a shekarar nan.

To, ga ma’anar misalin, ku buɗe kunne. Lambun nan shi ne ikilisiya, wato jama’ar coci. Manomin kuwa mu ne, ni da ku, mu da muke auna kowa da zuma. Wanda ya iya waƙa, wanda ya iya wa’azi, wanda baikon kuɗinsa ke da nauyi, shi muke ba kujerar gaba. Amma akwai waɗanda Ubangiji bai yi su don zuma ba. Tsohuwar da ke zuwa gaida marar lafiya ba wanda ya aike ta. Mutumin da ke shiga tsakanin ’yan’uwa biyu masu gaba, ya fita shiru. Ba su cikin kowace ƙungiya, sai mu ce, “Wannan me yake yi mana?” Haba jama’a! Ta wurinsu ne Allah yake sa furenmu ya zama ’ya’ya, mu kuwa muna korarsu da harara da baƙar magana.

Yanzu kowa ya waiga ya dubi bencin da yake zaune. Akwai wanda ya saba zama a nan, ya daina zuwa, ba wanda ya tambayi dalili. In ka tuna sunansa, kada ka ci abincin rana yau sai ka je ƙofar gidansa.